Ina Matashin Kan Kujerar Gaba Ya Tafi?

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Kano zuwa Gaya, ko ya sauka a Gaya ya nemi wadda za ta ƙarasa da shi Ajingi, ya san yadda lodinmu yake. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba, ranar kasuwa kuwa har akan samu wani ya raɓa da direban a kujerarsa, giya tana tsakanin ƙafafunsa. An yi rubutu a kan wannan al'ada har an gaji, an yi wa'azi a rediyo, an ci tarar direbobi, amma jiya i yau. Abin da ban taɓa jin wani ya tayar da maganarsa ba shi ne wani ɗan ƙaramin abu da ya ɓace daga yawancin waɗannan motoci ba tare da kowa ya yi cigiyarsa ba. Mai karatu, in ka sake zuwa tasha, leƙa ta taga ka dubi saman kujerar gaba. Za ka ga ƙananan ramuka biyu, wani lokacin ma mai ɗinkin kujera ya rufe su da sabuwar leda ta yadda ba za ka san an taɓa yin wani abu a wurin ba. Nan ne mazaunin matashin kai, wanda masu ƙera motar suka dasa da sandunan ƙarfe biyu domin ya tare ƙeyar wanda ke zaune.

Mu a nan filo muke ce masa, kuma ina ganin daga sunan matsalar ta faro. Filo abin barci ne, abin jin daɗi, wanda mutum kan iya haƙura da shi idan wuri ya yi ƙunci. Saboda haka direba ba ya jin ya yi laifi idan ya zare shi ya jefa a but ko ya bar shi a gida yara suna wasa da shi, fasinja kuma ba ya jin an rage masa komai. Alhali kuwa wannan abu ɗan'uwan bel ne da birki. An yi shi ne domin daƙiƙa guda a rayuwar mota, wato lokacin da wata motar ta dake ta daga baya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne abin da ya sami wani ƙanena, malamin makarantar firamare a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ajingi. Ya je Kano wani uzuri, a hanyarsa ta komawa ya samu gurbi a gaba shi da wani dattijo, shi ne a gefen ƙofa. Sun wuce Wudil ke nan, wani fasinja ya ce a sauke shi, direba ya taka birki a kan kwalta ba tare da ya gangara gefe sosai ba, wata bas da ke biye da su ta zo ta dake su. Ba wani babban karo ba ne. Fitilun baya sun fashe, bamba ta lotse, but ya ƙi rufuwa. Kowa ya fito da ƙafarsa, aka yi ta hamdala, direbobin biyu suka shiga jayayya a kan wanda zai biya gyara, jama'a suka shiga tsakani aka sasanta, aka ɗaure but da igiya aka ci gaba da tafiya. A wurin babu wanda ya tambayi wani ya wuyanka, shi kansa ƙanen nawa bai ji komai ba sai ɗan jiri.

Sai da gari ya waye ya tashi sallar asuba ya ji wuyansa ya sandare. Mutanen gida suka tsorata, domin a ƙasarmu in an ce wuya ya ƙage abin da ke fara zuwa zuciya shi ne sanƙarau. Da aka ga babu zazzaɓi sai hankali ya kwanta, aka ce kwanciya ce ya yi ba daidai ba. Aka shafa man zafi, aka sha maganin ciwon jiki, daga baya wanzami ya yi masa ƙaho. Babu wanda ya danganta abin da karon jiya, tun da ai an ga ya fito lafiya. Wata da watanni ya yi yana fama. Ciwon kai ba ya barinsa, in ya ɗaga hannu zai yi rubutu a allo sai ya ji kamar an soka masa allura daga wuya zuwa kafaɗa, yatsunsa biyu suna yi masa tsami. Abin da ya fi damunsa, kamar yadda ya gaya mini, shi ne sallame salla, domin sai ya juya da ƙirjinsa gaba ɗaya kafin ya iya waiwayawa dama da hagu. Da muka kai shi ga likitan ƙashi a Kano, bayan ya saurari labarin, tambayar da ya fara yi ita ce ko kujerar da ya zauna tana da matashin kai. Ƙanena ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce shi dai ya tuna yana iya juyawa ya yi hira da na baya babu abin da ya tare shi.

Ya kamata mu fahimci abin da ke faruwa a jikin mutum a wannan lokaci, domin sai an san ciwo ake girmama maganinsa. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 4 zuwa 5, kuma yana zaune ne a kan ƙasusuwan wuya guda 7 da aka jera ɗaya bisa ɗaya, laka tana ratsawa ta tsakiyarsu, jijiyoyin da ke tafiya hannuwa suna fita ta gefensu. Idan aka daki mota daga baya, motar takan yi tsalle gaba, bayan kujera ya tura gangar jikin mutum tare da ita. Kai kuwa babu abin da ya tura shi, saboda haka sai ya tsaya inda yake, jiki ya tafi ya bar shi. Wuya ne kaɗai ya haɗa su, shi ke ɗaukar wahalar. Da farko yakan lanƙwashe ta hanyar da ba a halicce shi ya lanƙwasa ba, ƙasansa ya karkata wani gefe samansa wani gefe, sannan kan ya faɗa baya, sannan ya dawo gaba da ƙarfi. Duk wannan yana ƙarewa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kafin mutum ya ankara balle ya ƙanƙame jikinsa. Wani likitan ƙashi Ba'amurke mai suna Harold Crowe ne ya kamanta wannan motsi da kaɗawar bulala a shekarar 1928, kuma da wannan suna likitocin Turai da Amurka suke kiran ciwon har yau.

Aikin matashin shi ne ya tura kai tare da jiki a lokaci guda, ta yadda wuya ba zai samu damar lanƙwashewa ba. Shi ke nan. Ba ya buƙatar mai, ba ya buƙatar batir, ba ya cin kuɗin gyara. Sai dai yana da sharaɗi biyu, ya kai tsayin kan mai zama, kuma ya kasance kusa da ƙeyarsa. Wanda aka danne ƙasa har ya tsaya a daidai wuya, kamar yadda mutane da yawa ke yi don su ji daɗin jingina, yana iya zama sharri, domin kai zai bi ta samansa ya faɗa baya, shi kuma ya zama kamar gwiwar da ake karya kara a kanta.

Ƙasashen da ke ƙera motocin nan sun daɗe da gane haka, kuma su ma ba a rana ɗaya suka gane ba. Tun a 1921 wani mai suna Benjamin Katz a garin Oakland na Amurka ya yi rajistar ƙirar matashin kai na mota, amma aka shafe shekaru fiye da 40 ana ɗaukarsa kayan ƙawa. Sai daga ranar 1 ga Janairu, 1969 gwamnatin Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na duk sabuwar ƙaramar mota. Da hukumar kula da amincin motoci ta ƙasar ta waiwayi dokar a 1982, ta gano cewa matashin da aka ƙera manne da kujera yana rage samun rauni a karon baya da kimanin kashi 17 cikin 100, wanda ake ɗagawa da saukewa kuwa kashi 10 kawai. Dalilin bambancin abin lura ne: kimanin kashi 75 cikin 100 na masu irin na biyun sun bar shi a ƙasa yadda suka saye shi, ba su taɓa ɗaga shi ba. Ashe sakaci ba mu kaɗai muka gada ba.

Bambancinmu da su shi ne ba su tsaya nan ba. A 1995 cibiyar binciken da kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyi ta fara auna matasan kai na motoci, ta samu kashi 3 cikin 100 ne kawai suka cancanci a ce suna da kyau, ta kuma wallafa sakamakon kowa ya gani. Kunya da gasar kasuwa suka sa kamfanoni suka gyara. Kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya fito da matashin da ke matsowa da kansa ya tari ƙeya idan an daki mota a 1997, Volvo kuma ya fito da kujerar da ke ɗan ja da baya tana shanye ƙarfin dukan a 1998. A 2004 Amurka ta tsaurara dokarta, ta ce dole matashin gaba ya iya kaiwa tsayin santimita 80 daga ƙugun mai zama, kuma kada tazararsa da ƙeya ta wuce santimita 5 da rabi, wato kamar faɗin yatsu uku. Turai ma ta shigar da gwajin wuya cikin jarrabawar da take yi wa sababbin motoci daga 2008. Abin da ya kamata direbobinmu su ji shi ne ƙarfin dukan da ake amfani da shi a wannan gwaji bai wuce na kilomita 16 zuwa 24 a awa ba. Irin karon da muke cewa "ai ɗan gogawa ce" ke nan.

Yanzu mu dawo tasharmu. Motocin da ke jigilar mutanen Gaya da Ajingi, irin su Golf 3 da aka fara ƙerawa a 1991 da Sharan da ta fito a 1995, an yi su ne kafin duk waɗannan gyare-gyare. Ko da suna yadda suka fito daga masana'anta, kariyarsu ta tsohon yayi ce. Sun gama aikinsu a Turai, suka biyo jirgin ruwa suka zo mana a matsayin 'yan Kwatano, mu kuma ɗan abin da ya rage a jikinsu muka cire. Na tambayi direbobi da dama dalili, kuma amsarsu ba ta wauta ba ce. Kujerar mutum ɗaya in aka zaunar da biyu, matashin yakan faɗo a tsakanin kawunansu, ya tokare wannan a kunne ya tokare wancan a kafaɗa, fasinjoji su yi ta ƙorafi. Na baya kuma, da suke a matse, suna son ganin hanya da shan iska, wani ma a kan kujerar gaba yake ɗora hannu ko ƙullin kayansa. Wasu motocin kuwa mai ɗinkin kujera ne ya faɗaɗa kujerar da soso da katako domin ta ɗauki biyu sosai, a wajen wannan aiki matashin ya salwanta. Ke nan ɓacewarsa 'yar lodin mutum biyu ce a gaba. Ko an mayar da shi, muddin biyu ne a kujerar, babu ɗayansu da ƙeyarsa za ta dace da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kujerar direban kansa, wadda ita ma sau da yawa ba ta da shi. Fasinja sau ɗaya yake bin hanyar a mako ko a wata, direba kuwa kullum yana kanta, sawu biyu ko uku. Idan akwai wanda ya fi kowa kusa da wannan ciwo to shi ne, kuma shi ne wanda in wuyansa ya ƙage abincin gidansa ya tsaya, tun da tuƙi ba ya yiwuwa ga wanda ba ya iya waiwaye.

Hanyar kanta kamar an tsara ta ne domin karon baya. Titin Kano zuwa Maiduguri, wanda ya bi ta Wudil da Gaya ya nufi Shuwarin, an ba da kwangilar mayar da shi tagwaye tun 2006, aikin ya shafe shekaru fiye da 10 ana fama, matafiya suna ta sauya hannu daga wannan ɓari zuwa wancan. Inda aka gama ya yi santsi gudu ya ƙaru, amma ɗabi'ar tsayawa ba ta canja ba. Motar haya tana tsayawa duk inda aka ɗaga mata hannu. Ga tudun rage gudu da mutanen gari kan gina bayan an kaɗe musu yaro, ba fenti ba alama. Ga shingayen bincike, ga garken shanu da ke tsallakawa musamman ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci, ga amalanke da babura. Da damina rami, da hunturu hazo. A bayan duk wannan kuma akwai mota mai mataccen birki ko wadda fitilar birkin ta gabanta ta daɗe da ƙonewa. A ƙananan hanyoyin da suka shiga ƙauyukan Ajingi gudu bai kai na babban titi ba, amma mun riga mun ga cewa wuya ba ya jiran babban gudu.

To me ya sa ba ma jin labarin wannan ciwo? Saboda mu gawa muke ƙirgawa. Haɗari a wurinmu shi ne wanda jarida ta ce mutum kaza sun rasu, kaza suna asibiti. Wanda ya fito da ƙafarsa ba ya shiga lissafin kowa, ba a rubuta shi a tasha ba, ba a rubuta shi a ofishin 'yan sanda ba, inshorar da ke manne a gilashi kuwa takarda ce ta nuna wa jami'ai. A Ingila da Amurka kamfanonin inshora ne suka matsa a gyara kujeru, domin su ke biyan diyyar wuyan da ya lalace. Mu a nan mai wuyan ne ke biya, shi da iyalinsa. Manomin da ba ya iya sunkuyawa da fartanya, matar da ba ta iya ɗaukar tulu ko daka, tela, malamin makaranta, mai ɗaukar kaya a kasuwa, yawancin sana'o'in karkara da wuya da kafaɗa ake yin su. Bincike a ƙasashen Turai ya daɗe da nuna cewa mata sun fi maza saurin kamuwa da wannan rauni a karo iri ɗaya, su ne kuma a wurinmu suka fi haƙuri da ciwo su yi shiru. Akasarin masu irin wannan rauni sukan warke cikin makonni, amma akwai kaso mai yawa da ciwon ke bi har shekara ko fiye.

Na san abin da wani zai ce. Ana mutuwa a hanyar nan saboda gudun wuce sa'a da tsofaffin tayoyi da tuƙin dare da manyan motoci, kai kuma ka zo kana maganar filo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙarin gishiri ba. Matashin kai ba zai ceci wanda ya yi taho-mu-gama da tirela ba, alƙaluman da na kawo a sama ma sun nuna kariyarsa tana da iyaka. Amma sauran matsalolin da aka lissafa kowace tana buƙatar kuɗi masu yawa ko shekaru na aiki, wannan kuwa abu ne da ya zo tare da motar, an riga an biya kuɗinsa, mu muka sa hannu muka cire. Wani kuma zai ce abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, amma duk ɗalibin islamiyya ya san labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta direba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafinsa ya rikice. Ga kuɗin mai, ga balas na mai mota, ga na kamasho, ga abin da ake miƙawa a hanya. Fasinja na biyu a gaba sau da yawa shi ne ribar sawun. In aka hana shi dole kuɗin mota ya tashi, talakan da ke zuwa asibiti ko kasuwa shi zai ji a jikinsa. Ban raina wannan ba. Sai dai mu tuna cewa fasinjan yana biyan wannan rangwame ta wata hanyar da ba a gaya masa ba, ya sayi araha da wuyansa. Lodin da ya wuce ƙa'ida laifi ne a dokokin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma hukumar ta nuna tana iya sauya ɗabi'a in ta so. An kafa ta a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel ranar 1 ga Janairu, 2003, a lokacin mutane suna ta dariya suna cewa ba za a iya ba. Yau ko direban da ba ya son bel ya san ya ja shi ya rataya in ya hango jami'ai. Abin dariyar shi ne, a kujerar mutum biyu bel ɗin ma wasan kwaikwayo ne, domin ɗaya ne ake yafa wa na gefen ƙofa don idon hukuma.

Kada masu karanta wannan shafi su ɗauka maganar ta 'yan tasha ce kawai. Mu da muke da motocin kanmu ba mu fi su ba sai a tsadar mota. Nawa ne daga cikinmu suka taɓa ɗaga matashin kujerarsu tun ranar da dillali ya miƙa musu makulli? Akwai masu kwantar da kujera baya sosai don ƙasaita, ƙeyarsu ta yi nisan taƙi guda da matashin. Akwai alhazan da ke cire shi saboda yana ture musu hula ko rawani, da hajiyoyin da ke cire shi saboda yana ɓata ɗaurin ɗankwali ranar biki. Motocin da aka ƙera bayan dokar 2004 matasansu sun ɗan karkato gaba, wasu na jin sun takura musu, sai su zare su juya su baya, abin da ke mayar da tazarar da aka yi dokar domin a rage. Maganin wannan takura shi ne a ɗan gyara kwanciyar bayan kujerar kaɗan har kai ya samu sakewa. Akwai kuma masu sayen wani a kasuwa saboda yana da talabijin a bayansa don yara, ba tare da sun duba ko sandunansa suna kamawa a ramin kujerar ba. Wanda ba ya kullewa, da an dake shi zai zame ƙasa.

Masu sayen motocin Amurka su ƙara lura. Da yawa daga cikinsu motoci ne da suka yi haɗari a can, aka yi gwanjonsu, aka gyara su a nan. Wasu suna da matashin zamani mai sifirin a ciki wanda ke buɗewa ya tari ƙeya yayin karo, kuma in ya buɗe sau ɗaya sai an sake ɗana shi yadda masana'anta ta tsara ko a sauya shi. Wanda aka danne aka liƙe da gam ko aka ɗaure da waya don motar ta yi kyau a idon mai saye ba zai sake aiki ba. Irin wannan ƙira ma tana da nata aibin: a 2019 hukumomin Amurka sun buɗe bincike a kan wasu motocin Jeep Grand Cherokee da Dodge Durango bayan ƙorafin cewa matasansu na buɗewa haka kawai ana cikin tafiya su daki mutum a ƙeya. Duk wanda zai kai bakanike ya duba masa inji da giya kafin ya biya, ya sa a duba masa wannan ma.

A ganina gyaran ba daga Abuja zai fara ba, daga tasha zai fara. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Gaya da Ajingi da Wudil sun fi kowane jami'i iko a kan motar da ke lodi, domin su ke ba da layi, su ke hana shi. Za su iya cewa daga wata kaza motar da kujerar direbanta ba ta da matashi ba za ta yi lodi ba. Wannan ba ya rage wa kowa fasinja ko ɗaya, kuma irin waɗannan kayayyaki na tsofaffin motoci suna nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa. Jami'an duba lafiyar motoci da ke ba da takardar shaida su sanya shi cikin abin da suke dubawa kamar fitila da birki. Hukumar KAROTA, wadda aka kafa a zamanin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, da jami'an kiyaye haɗurra, su ware masa ko minti biyu ne a wayar da kan da suke yi a tashoshi gabanin bukukuwan salla. Ina roƙon a fara da bayani kafin tara, domin mun sha ganin yadda sabuwar doka kan rikiɗe ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Batun mutum biyu a gaba kuwa ya fi wuya, amma ma'aikaci mai albashi da zai iya biyan kuɗin gurbi biyu ya zauna shi kaɗai, ya nemi a mayar da matashin kafin a tashi, ya fara koya wa tasha cewa akwai masu tambaya.

Akwai kuma abin da ya shafi bayan karo, wanda nan ne kyakkyawar niyyarmu take yin ɓarna. Mutanenmu ba sa wuce haɗari, kowa yakan tsaya ya taimaka, wannan abin yabo ne. Amma wanda ya ce wuyansa na ciwo, ko hannuwansa sun mutu, ko ba ya jin ƙafafunsa, ba a fizgo shi ta taga a naɗe shi a bayan mota. In ƙashin wuya ya tsage, wannan jan ne zai iya taɓa laka ya mayar da raunin da zai warke ya zama shanyewar jiki ta har abada. Sai dai in ana tsoron wuta, a bar shi yadda yake, wani ya riƙe kansa da hannu biyu kada ya motsa, a kira 122 ko 112, in dole a ɗauke shi a sa shi a kan abu mai tauri kansa da jikinsa a miƙe. Wanda ya fito lafiya kuma ya sa ido a kan kansa kwana biyu zuwa uku, domin ciwon yakan yi jinkirin bayyana. In ya ji tsami ko kasala a hannu, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ya nufi asibiti, ya kuma gaya wa likita cewa an dake su daga baya. Masu ɗorin gargajiya suna da gwanintarsu a wasu karayu, amma wuya ba wurin murɗawa da ja ba ne. Masu tarihi sun ce maƙeran Gaya ne suka fara zuwa dutsen Dala neman tama har Kano ta kafu. Yau jikokinsu suna zuwa Dala ne neman Asibitin Ƙashi, tafiyar awa guda ko fiye a irin motar da ta jawo musu ciwon.

Ƙanena ya samu sauƙi bayan ya yi watanni yana zuwa gashi da motsa jiki, ko da yake har yanzu in sanyi ya shigo yakan ji wuyan yana yi masa nauyi. Da na kai masa ziyara da motata, kafin mu tashi sai ya ce in dakata. Ya sa na zauna yadda na saba tuƙi, ya danna ɗan maɓallin da ke gindin sandar, ya ja matashin sama har samansa ya yi daidai da tsakar kaina, ya danna shi da hannu ya tabbatar ya kulle, sannan ya sa yatsunsa tsakanin ƙeyata da shi ya ce in ɗago bayan kujerar kaɗan. Shekara 6 ina tuƙa motar, ban san akwai maɓalli a wurin ba.